Tukunya ba nama: yadda za ki cike gurbinsa da wake, ganye da hatsin gida

Ranar da maigidana ya dawo daga asibiti aka ce jininsa ya hau, a rage gishiri, a rage jan nama da soye-soye, surukata tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar wake a faifai. Ta bari ya gama karanto dokokin likita ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago kai ta ce, "To ai abin da munka ci munka girma shi anka rubuto maka. Hoce, datun zogale, miyar sure. Ku kunka maishe su abincin talauci." Shi bai tanka ba, ni kuma na shige madafa ina dariya ƙasa-ƙasa.

Maganar gaskiya, nama ya riga ya yi mana ƙaura tun kafin likita ya kore shi. Duk wadda ke karɓar cefane a Gusau ta san haka. Satar shanu da rashin tsaro a hanyoyin ƙauye sun taɓa kasuwar dabbobi, tsadar rayuwa ta ƙarasa sauran, har ya zama a gidaje da yawa sai Juma'a ko ranar suna ake jin ƙamshin nama. Abin da na lura da shi, a gidana kafin na kowa, shi ne idan nama ya fita daga tukunya ba a sa komai a gurbinsa. Sai dai a ƙara malmalar tuwo, a ƙara dunƙulen magi, a ƙara mai. Ciki ya cika, jiki kuwa yana bin bashi. Gurbin nan nake son mu cike, da abin da ke kasuwar Tudun Wada da bayan gidajenmu.

Ban zo haramta abin da Allah ya halatta ba. A Indiya akwai miliyoyin mutanen da ba su cin nama saboda addininsu, mu ba haka muke ba, ragon layya yana nan, kazar baƙo tana nan. Magana ce ta sauran kwanakin mako, waɗanda nama ba ya zuwa, ko likita ya ce kada ya zo.

Mataki na farko: sake rabon kwano

Kafin ki sayi komai, yau da dare ki dubi kwanon da kika zuba wa maigida. A yawancin gidajenmu tuwo ne ya cinye fili, miya kuwa tsululu, ta shafa ce kawai don loma ta wuce. Wannan rabon za a juya. Ki raba kwanon gida huɗu a zuciyarki: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya hatsi, kashi ɗaya dangin wake. Ga mai aikin ƙarfi, manomi ko birkila ko ɗan dako, a ƙara masa hatsin, ba laifi. Amma wanda zai wuni a kujerar ofis ko zaune a shago ba ya buƙatar malmala uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace a yini. Ba sai kin nemi sikeli ba, ki ɗauke shi a matsayin cikin tafin hannu biyar. Dankali da rogo da doya ba su cikin lissafin, su 'yan ɗakin tuwo ne.

Dangin wake su ne magajin nama: wake fari da ja, waken soya, gyaɗa da ƙulinta, ƙwaruru, har da daddawa. A giram 100 na busasshen wake akwai kusan giram 24 na sinadarin gina jiki da likitoci ke kira furotin, gyaɗa ma kusan haka, waken soya kuwa ya kai 36. Shi wannan sinadari tubala ne iri-iri, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su sai an ci a abinci. Gero da dawa da shinkafa suna da ƙarancin ɗaya, wake yana da shi a wadace. Wake yana da ƙarancin wani, hatsi ya cike masa. Shi ya sa shinkafa da wake, koko da ƙosai, hoce da ƙuli suke riƙe mutum. Kakanninmu ba su san sunan tubalan ba, amma sun haɗa auren daidai. Ba dole ba ne a ci su a kwano ɗaya, in dai sun haɗu a yini guda ya wadatar. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce kada rana ta faɗi ba a ci wani abu daga dangin wake sau biyu ba.

Mataki na biyu: sayen wake da gyaɗa, da hanci da ido

A nan na taɓa ƙonewa. Wata bazara na aiki yaro kasuwa ya kawo mini tiya biyu ta wake, fari tas, ba ko huda ɗaya. Na yi ta yabon mai waken. Da na zuba ruwa zan wanke sai wari ya taso, irin na fiya-fiya da muke fesa wa sauro. Na wanke sau uku warin yana nan. Haka na kwashe shi na binne a bayan gida, don ko kaji ban yarda su ci ba. Tun daga ranar ni nake zuwa da kaina, in ɗebi waken a hannu, in murza, in kai hanci.

Wasu masu ajiya suna zuba maganin ƙwari a buhu don kada wake ya yi ƙwari kafin ya yi tsada. Abin ba ƙarami ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Don haka idan watanni sun yi nisa da kaka kika ga wake ba huda ko ɗaya, ki yi tambaya. Waken da kika ga 'yan ƙwari na yawo a kai ya fi kwantar mini da hankali, rana guda a shanya ta kore su. Jiƙawa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage maganin, ba su raba wake da shi gaba ɗaya, don haka mai wari a bar wa mai shi kayansa.

In da hali, ki saya da kaka lokacin da sabon wake ya shigo daga ƙauyuka, ki shanya shi ya bushe ƙayau, har in kin ciza ya ce ƙas. Ki ɗura a jarka mai tsabta, ki cika ta har baki, ki toshe murfin da leda yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaron wake numfashi yake yi, in iska ta ƙare ya mutu. Mai ajiya da yawa ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Dabarar ɗaya ce.

Gyaɗa kuma ido take so. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yanƙwane, ta yi fumfuna ko take ɗaci, a tsince a zubar. Fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da dafin afulatoksin mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi, ko an soya ko an dafa. Abin takaici, irin wannan gyaɗar ce mai araha, wasu da ita suke yin ƙuli. Ki san wadda kike sayen ƙuli a hannunta.

Mataki na uku: jiƙa wake, ki ajiye kanwa

Ƙorafi biyu ake yi wa wake: cin itace da kumbura ciki. Jiƙawa tana maganin duka biyun. Bayan sallar isha ki tsince shi, ki wanke, ki zuba ruwa ya sha kansa sosai, ki rufe. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki ɗora da sabon ruwa. Wani ɓangare na abin da ke sa iska a ciki ya bi ruwan jiƙon, kuma zai nuna da wuri, gawayinki ya huta. Gishiri da tumatir sai ya fara laushi ake zubawa, tsamin tumatir yana sa shi taurin kai. Wanda bai saba cin wake kullum ba ya fara da ludayi ɗaya, cikin mako biyu zuwa uku hanji zai saba.

Kanwa kuwa, na san za mu yi rigima. Tana nunar da wake da wuri, tana sa ganye ya yi kore shar. Amma tana kashe wasu bitamin, musamman B1 da C, kuma ita kanta 'yar uwar gishiri ce, sinadarin da ke tayar da hawan jini yana cikinta. Likitocin zuciya sun daɗe suna alaƙanta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ɗanwake ba ya yiwuwa sai da ɗan ruwanta, wannan na yarda, a sa kaɗan. A dafa-duka da faten wake da dafa ganye kuwa, ba ta da aiki in kin jiƙa.

Shinkafa da wake, ki daina yin irin wanda sai an tona ake ganin wake. Gwangwani biyu na shinkafa, ɗaya na wake, in gida ya saba a kai su kai ɗaya. Faten wake da alayyafo da kabushi abinci ne cikakke a tukunya guda. Alala ta fi ƙosai ga mai hawan jini ko mai son rage ƙiba, ƙullu ɗaya ne, amma ita turara ta ake yi, shi kuwa iyo yake yi a mai.

Mataki na huɗu: ƙwai-da-ƙwai a gida

Awara, wadda mu nan muke kira ƙwai-da-ƙwai, ita ce ta fi kowane abu kama da nama a miya. Mun mayar da ita abin ciye-ciyen yara a bakin makaranta, alhali a ƙasar Sin da Japan abincin manya ce tun ɗaruruwan shekaru. Waken soya kuma a gonakinmu ake noma shi. Ga yadda nake yi wa gida mai mutum tara.

Ki auna gwangwani huɗu na waken soya, ki tsince tsakuwa, ki jiƙa. Lokacin sanyi awa takwas zuwa goma, lokacin zafin Gusau kuwa awa shida ta isa, in ya wuce zai fara tsami tun a roba. Ki murza, ɓawon ya taso ki zubar, a kai inji a markaɗa da laushi. Ki ƙara ruwa a ƙullun, ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa don kumfa ta kwanta, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ki sake zuba wa dusar ruwa ki matse karo na biyu, akwai sauran madara a ciki.

Ki juye madarar a babbar tukunya, kada ta wuce rabi, ki tsaya a kanta. Karon farko da na yi, na tafi shanya kayan wanki, na dawo na tarar rabinta a murhu ta kashe wutar. Madarar soya ba ta sallama in za ta zube. Idan ta tafaso ki rage wuta, ki bar ta ta yi ta tafasa a hankali kamar minti goma zuwa sha biyar, don ɗanyen soya yana da abin da ke hana jiki narkar da abinci, zafi ne ke kashe shi.

Sai ruwan tsami. Mafi kyau shi ne ruwan da ya kwanta a kan gasarar koko ya kwana biyu ko uku. In babu, ki jiƙa tsamiya ki tace, ko ki matse lemun tsami. Wasu masu sayarwa suna sa alif don ta fi yawa da tauri, ni ba na sa wa iyalina. Ki riƙa zuba ruwan tsamin da ludayi, kaɗan-kaɗan, kina zagaya tukunyar, ba tare da juyawa da ƙarfi ba. Za ki ga farin abu yana dunƙulewa yana tasowa, ruwan ƙasa yana washewa ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa. Da zarar ya washe ki tsaya. In kika zarce za ta yi tsami ta yi tauri, in kika gaza ruwan zai zauna fari kamar nono, awararki ta tafi a ciki.

Ki kwashe da matsami ki zuba a ƙyalle, ki barbaɗa yankakkiyar albasa da tarugu da ɗan gishiri, ki ɗaure tam, ki ɗora dutse ko turmi a kai. Rabin awa tana ba da mai laushi, awa guda mai tauri, wadda ba ta farfashewa a miya. Ki yanka.

A nan ne ake ɓata ta, a tsunduma a mai har ta sha ta ƙoshi. Ki shafa cokali biyu na mai a kasko, ki jera, ki juya kowane gefe ya yi ja. Sannan ki jefa a miyar taushe ko ta alayyafo minti goma kafin saukewa, ta tsotsi romon. Ranar da na fara yin haka, surukata ta ɗauki yanka ɗaya, ta tauna, ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, wanga nama ina ƙashinai?" Ta ƙara biyu kafin ta ce wai don kada a zubar ne. Dusar da ta rage kada ta tafi wurin awaki duka, ludayi ɗaya ko biyu a ƙullun alala yana ƙara mata auki. Awara ba ta kwana a zafi, in ba firji a yi ta yini guda.

Mataki na biyar: ganye

Allah ya yi mana arzikin ganye, mu ne muke dafa shi har ya mutu. Da damina ga rama, ga tafasa, ga lalo, ga sure, ga yaɗiya, wasu ko saye ba a yi. Da rani kayan fadama da na noman madatsar ruwan Bakolori suna shigowa: tumatir, karas, kabeji, latas, alayyafo. Zogale kuwa ba shi da lokaci, in kina da ɗan fili a tsakar gida ki dasa reshe biyu inda ruwan alwala ke zuba.

Ki wanke ganye tun yana ɗungurungum, sannan ki yanka. In kika yanka kafin wankewa, amfanin yana bin ruwa. Ki zuba shi a ƙarshen girki, alayyafo minti biyar ya ishe shi. Zogale an saba dafa shi a ruwa mai yawa, da kanwa, a daɗe, sannan a matse a zubar da ruwan, wanda shi ne ya kwashe rabin amfanin. Ki zaɓi ɗanyen ganye mai taushi, ki zage shi daga itacen, ki sa ruwa kaɗan, ki rufe, minti goma sha biyar. Ɗan ruwan da ya rage ki juye a miyar dare.

Datun zogale yadda nake yi: dafaffen zogale cikin kwano, garin ƙuli ludayi biyu, ɗanyen tumatir da albasa da tarugu, cokali ɗaya na man gyaɗa, sai a matse rabin lemun tsami a kai. Kowane ɗaya da aikinsa. Man yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A da ke cikin ganyen, wanda ido da garkuwar jiki ke buƙata. Lemun tsami da tumatir suna da bitamin C, shi ke buɗe wa sinadarin ƙarfe hanya ya shiga jini, domin na ganye da wake ba ya shiga da sauƙi kamar na nama. Ƙulin kuma shi ne naman kwanon. A marmasa hoce a ciki, an gama abincin rana.

Saboda wannan maganar ta ƙarin jini, shayi ya matsa gefe. Ganyen shayi yana riƙe sinadarin ƙarfe ya hana shi shiga jiki, don haka a bar awa guda tsakaninsa da abinci. A madadinsa bayan cin abinci a sha goba, gwanda, mangwaro ko lemun zaƙi, duk wanda ke araha a lokacin. Garin ƙwallon kuka da yara ke tsotsa ma cike yake da bitamin C.

Abin da za a ci ɗanye, latas da kabeji da tumatir, a wanke da ruwan da za ki iya sha, a jiƙa shi a ruwan gishiri da ɗan lemun tsami, a sake ɗaurayewa. Ba ki san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba. Idan ana maganar amai da gudawa a gari, kamar yadda kan faru da damina, a dafa komai kawai har abin ya lafa.

Lokacin da ganye ya yi yawa ki shanya na rani, amma a inuwa, a kan tabarma, inda iska ke ratsawa. Rana tana cinye launin da amfanin tare. Haka in za ki sayi kuka ko busasshen guro, kuka mai kore ita ce ta inuwa, mai ruwan ƙasa ta sha rana ko ta tsufa.

Mataki na shida: hatsi

Wannan gajere ne, don mun riga mun dace. Gero da dawa sun fi farar shinkafa da fulawa da taliyar leda riƙe ciki, kuma ba su tayar da sukarin jini da gaggawa kamarsu, in dai ba a surfe su har sun yi fari fat ba. Dusar da muke ba tumaki a nan bitamin da abin da ke gyara hanji suke. Ki ce wa mai inji ya yi surfe sama-sama, ko ki gwada tuwon dawar da aka wanke aka niƙa ba surfe. Shinkafa kuwa, 'yar gida da aka gumama kafin a casa ta fi wadda aka goge ta yi sheƙi. Hoce gasa shi ake yi, ba ruwansa da mai. Fura da nono ba abin da za a ce mata, sai dai sukarin da ake ɗura mata.

Mataki na bakwai: janye magi da gishiri a hankali

Na taɓa ƙirgawa, dunƙule takwas nake jefawa a miya ɗaya, ban da gishiri, ban da farin magi. Shi dunƙulen nan rabinsa ko fiye gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na magi, na burodi, na yaji, duka.

In kika janye rana ɗaya gidan zai yi miki bore. Ki rage dunƙule ɗaya duk mako, kada ki sanar da kowa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya zama abincin gidan biki ne zai riƙa yi musu gishiri. Inda magi ya bari, daddawa ta shiga: a daka ta da albasa, tafarnuwa, citta da masoro, a soya a ɗan mai har ƙamshi ya tashi kafin a tsaida ruwan miya. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko soyayyen riɗi suna ba miya kauri da garɗin da ake nema a wurin nama. Gishirin da za ki saya ya zama na leda mai sinadarin aidin, shi ke kare maƙoƙo.

Mai, a daina tuttulawa daga galan, a auna da cokali. Manja kada a bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan shi ne bitamin A ɗin. Sukari kuma iyakar da aka ba babba kusan giram 50 ce a yini, cokalin shayi goma sha biyu, kuma robar lemon kwalba ɗaya mai santilita 50 kan kai kusa da haka ita kaɗai. Zoɓo da kunun aya na gida da dabino kaɗan sun fi, in ba a mayar da su alewa ba.

Mataki na takwas: abin da ganye da wake ba za su ba ki ba

Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma daga dabba kawai ake samunsa. Ba ya cikin zogale, duk abin da masu tallar garinsa za su faɗa miki. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini, kasala da jin ƙafa kamar ana tsira allura, kuma a ɓoye yake tafiya, sai an daɗe ake ganewa. Don haka gidan da ba nama ya riƙe nono ko kindirmo, ƙwai, ko busasshen kifi ko da ɗan kaɗan ne a daka a miya, sau da yawa a mako. Madarar shanu a tabbatar an tafasa ta kafin a kwantar da ita. Wanda ya bar duk waɗannan saboda wani dalili, sai ya nemi ƙwayar B12 a wurin likita.

Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara ba da su ake rage-rage ba. In ƙwai ɗaya ne a gidan, nasu ne. Mai ciki ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta wurin awo, datu ba ya maye gurbinsu. Yaro daga wata shida, tare da nonon uwa, kada a bar shi da tsinkakken koko. Ki yi masa garin da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown: gwangwani shida na hatsi, gero da dawa da masara a gauraye, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. A wanke hatsin a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon soya da na gyaɗa, a niƙa tare, a ajiye a mazubi mai murfi. A dama da kauri, a dafa sosai. Idan kuwa yaro ya rame, gashinsa ya yi ja ko ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce, asibiti za a nufa a ranar.

Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ƙara wake da ganye, shi dokarsa daban ce. Mai ciwon sukari da mai hawan jini kuma kada su ajiye magani don an gyara tukunya. Maigidana har yau yana shan nasa, yana kuma zuwa awo.

In rana ta same shi a waje

Duk wannan wahala tana iya rushewa a bakin tasha ko ƙofar ofis, don maza da 'yan makaranta a waje suke cin na rana. In zai yarda ya ɗauki kula, alala biyu da datu ba su lalacewa kafin azahar. In ba zai ɗauka ba, nawa dai cewa ya yi abokan aiki za su yi masa dariya, to ki gaya masa abin da zai nema. Wurin mai shinkafa da wake ya ce a ƙara wake, a rage mai, yajin ya zuba da hannunsa don rabinsa gishiri da magi ne. Ɗanwake ya nemi a sa masa kabeji da tumatir in ya yarda da tsabtar wurin. Wurin mai ƙosai ko mai ƙwai-da-ƙwai ya leƙa kaskon tukuna. In man ya yi baƙi yana kumfa, an kwana ana soya da shi, ya wuce gaba ya sayi dafaffen ƙwaruru ko gyaɗa da goba biyu, za su riƙe shi har la'asar.